Hoto na Uku Daga Ƙofa

Ummi da Bashir, wannan babin naku ne ku biyu, don haka ku karanta shi a zaune, ba a tsaye cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba. Ke Ummi, kin tuna ranar da kika dawo daga Damagaram bayan sadakar arba'in ɗin babanku. Na yi miki tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya, kika zauna kina juya cokali kamar an ba ki magani. Da na matsa miki sai kika ɗago kai kika ce:

"Maman, da gaske ne ke kika je wurin aikin Baba kika tona shi? Gwaggo ta ce ke kika raba shi da aikinsa, kika mai da shi ɗan rakiyarki."

Na ce miki ci abincinki. Ban ƙi amsawa don ba ni da amsa ba. Na san bakina ne, in na buɗe shi a ranar, gwaggonku za ta sha abin da ba zai goge ba, ga shi ko ƙasar kabarin ɗan'uwanta ba ta bushe ba. Shi ya sa na sayi wannan kaye, littafin rubutu, na ce zan rubuta a hankali. Amsar a taƙaice ita ce e, na je, da ƙafafuna. Amma ba daga nan maganar ta fara ba, ta fara ne a gaban wani hoto a Paris.

Tun kafin aurenmu nake jin labarin hoton nan. Lokacin Malam, wato babanku, yana ɗalibi a Faransa, ni kuma ina gidanmu a unguwar Birni ta Damagaram ina koyon ɗinki. Ya rubuto mini wasiƙa ya ce ya shiga babban mize na Paris, gidan da ake ajiye zane-zanen mutanen da, ya ga hoton wata mata zaune bakin taga da shuɗin kallabi tana zura zare a allura, wai da ya gan ta sai da ya tsaya cak don ni ya gani. Yayata ce ta karanta mini wasiƙar, ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce Baturiyar da ta yi kama da Zuwaira lalle ta sha rana. Bayan na tare a Lyon, duk shekara sai ya ce bana zan kai ki ki ga kanki a bango. Bana ta zama baɗi, baɗi ta zama shekara ashirin. Aka haife ku, aka shiga hidimar lakkwal, wato makarantarku, shi yana labo, ɗakin gwaji, a masana'antar sinadarai ta Saint-Fons yana auna ruwan kwalabe yana haɗawa, ni ina gida kan keken ɗinki ina yi wa matan Nijar da na Senegal riguna. Har na daina sa rai, na mai da abin wasa. In ya makara da cefane sai in ce hala Baturiyarsa ce ta tsare shi.

Shekarar da nake ba ku labari, ke Ummi kina da goma sha biyar, Bashir yana da goma sha ɗaya, Malam ya sauya mini, ni kuwa na yi wa sauyin mummunar fassara. Ya koma kallona ta gefen ido. In ina magana sai ya kau da fuska ya karkata kai, kamar mai harara. Na yi ta bincikar kaina, me na yi wa bawan Allahn nan? Ya sayar da mota ya ce bis ta fi sauƙi. Ya daina buɗe Alƙur'ani bayan asuba ya ce tilawa da ka ta fi tsayawa a zuciya. In takarda ta zo daga lakkwal ko daga banki sai ya miƙa miki ya ce karanta mu ji Faransancin naki. Wata rana a kasuwa ya wuce wani dattijo ɗan garinmu ko sallama babu, mutumin ya yi fushi har ya aiko mini. Duk wannan yana gabana, ni da nake taƙama ina ganin ramin allura ba tabarau, amma ban gani ba. Ya daɗe da ciwon suga, na sani, ni ke dafa masa abinci ba sukari. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Da hutun bazara ya zo, sai ya shigo da tikitin jirgin ƙasa guda biyu ya ajiye a kan kekena.

"Ki shirya, Asabar za mu Paris."

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Hotonki za ki gani."

Na ce ikon Allah, yau Baturiya za ta ga mai ita. Muka bar ku wurin maƙwabciyarmu, muka sauka a Stains, gefen Paris, gidan Hajiya Rabi, 'yar unguwarsu Malam ce a Damagaram, mijinta yana aiki a kasuwar Rungis. Mace ce mai kirki da hannu a sake, ta yi mana fura da nonon kanti wadda ban sha irinta ba tun barina gida. Aibinta ɗaya, abin da idonta ya gani da safe, kafin la'asar ya isa Nijar ta waya.

Washegari muka tafi mize mu biyu. Kai, gidan nan gari ne guda! Ɗaki na bin ɗaki, rufi can sama duk zane, mutane kamar ranar kasuwa, kowa da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Gumakan dutse tsirara a tsaye ko kunya babu, na yi ta a'uzubillahi ina jan mayafi ina kallon takalmana. Malam yana gaba ina biye da taku biyu, yadda muka saba tafiya tun ranar da aka kai ni ɗakinsa. Ban taɓa jerawa da shi a hanya ba, balle in wuce gabansa, haka na ga uwata ta yi. Na lura bai tsaya kallon komai ba, bai kuma karɓi takardar da ke nuna hanya ba. Leɓɓansa suna motsi, na ce a raina tasbihi yake saboda gumakan nan. Ashe ƙirga yake yi. Muka hau bene, ya yi hagu, muka ratsa ɗaki huɗu, a na biyar ya tsaya bakin ƙofa ya ɗan numfasa, sannan ya bi bangon dama a hankali ya ja ya tsaya. Ya gyara hularsa kamar mai shirin gaida surukai.

"To, Zuwaira. Ga ki nan."

Na duba. Kifi ne. Wani ƙaton kifi matacce a kan faranti, bakinsa a wangame, ga albasa biyu da wuƙa a gefe. Nan take raina ya ɓaci. Shekara ashirin ana ja mini rai, na bar ɗinkin mutane, na sha tafiya ƙafafuna sun kumbura, don a zo a yi mini wannan wasa a gaban Turawa?

"Malam, ni ce kifi? Haba! In raha ce ai da ka yi ta a gida."

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda bai ji daidai ba.

"Wane kifi kuma? Dubi kallabin mana. Dubi yadda hasken taga ya sauka a hannunta."

Na buɗe baki zan ƙara, sai na dubi fuskarsa. Babu wasa a cikinta ko kaɗan. Idanunsa suna kan bangon sosai, har sun kawo ruwa, yana murmushi irin wanda na sani tun muna yara. Wallahi duk abin shekarar nan ya taso mini lokaci guda, motar, Alƙur'anin, takardun, dattijon kasuwa. Na rage murya na ce:

"Malam, babu mace a bangon nan. Kifi ne da albasa."

Sai ya kau da fuska ya karkata kai, ya dubi hoton ta gefen ido, kallon nan da na shekara ina ɗauka harara ce. Ya daɗe a haka. Daga nan ya lalubi bencin da ke tsakiyar ɗakin ya zauna, na zauna kusa da shi. Wata ma'aikaciyar gidan ta matso ta tambaya ko lafiya. Da guntun Faransancina na tambaye ta matar mai allura. Ta ce a nan take zama, na uku daga ƙofa, amma an ba da aronta wata ƙasa, sai baɗi za ta dawo, shi ne aka rataya wannan a gurbinta. Na yi mata godiya ta tafi.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Ya fi shekara. Duk abin da na kalla kai tsaye, tsakiyarsa baƙi ne, kamar an ɗiga tawada. Gefe-gefe nake gani. Fuskarki ma rabon da in gan ta sosai tun azumin bara."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Na ce bari in kawo ki tun ina iya gane hanya."

Ban yi kuka ba a wurin, kun san ni. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi. Da muka tashi fita, matakalar benen nan farin dutse ce duk launi ɗaya, jikinsa kuma ya riga ya yi sanyi, ya taka ba daidai ba ya yi tangaɗi. Ban yi shawara da kowa ba, na kama hannunsa na shiga gaba. Ya ɗan ja, na riƙe gam. Haka muka fito, haka muka shiga metiro, haka muka sauka daga bis a Stains, ni a gaba shi a baya, hannu cikin hannu. Hajiya Rabi tana tsaye a tagar gidanta tana shanya. Ta gan mu sarai.

A jirgin komawa Lyon ne aka yi maganar da ta fi nauyi. Gonaki suna wucewa ta taga, ya jingina kai kamar mai barci, ni kuwa wani abu yana ta cin raina. Na taɓa gwiwarsa.

"Malam, a labo yaya kake karanta sunan kwalabe?"

Bai buɗe ido ba.

"Shekara goma sha tara ina ɗakin nan. Na san mazaunin kowace."

"Ƙirgawa kake yi."

"Ƙirgawa nake yi."

"A mize ma ƙirgawa ka yi. Ranar da wani ya ɗauke ta uku ya ajiye wata a gurbinta fa?"

Muka wuce tasha guda. Na san abin da ke cikin kwalaben nan, shi da kansa ya sha gaya mini akwai wanda in ya haɗu da wani, hayaƙinsa kaɗai ya isa ya kwantar da duk mai numfashi a ɗakin. Su uku ne a labon, ɗayansu matarsa tana da ciki a lokacin. Da ya buɗe baki sai ya ce abu biyu yake roƙona. Na farko kada Hajiya Babba, mahaifiyarsa, ta ji. Mahaifinsa ya makance kafin ya rasu, ita ta yi jinyarsa shekara tara, in ta ji ɗanta na fari ya kama hanyar nan zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Na biyu in ba shi shekara biyu ya ƙarasa ginin da yake yi mata a Damagaram, sannan ya faɗa da bakinsa. Na ce na farko na ɗauka har ga Allah, ko za a yanka ni ba za a ji daga gare ni ba. Na biyu kuwa ban ɗauka ba. Na ce na ba shi Juma'a biyu ya je wurin lokotoro, likitan ma'aikata, ya faɗa, in bai je ba ni zan je. Ya ce ba zan iya ba. Ya manta wadda ya aura.

Juma'a biyu suka wuce. Kullum da safe ya ɗauki jakarsa ya fita, ni kuma duk motar asibiti da ta yi kuka a titi sai in ruga taga in leƙa. Ran Litinin na bari ya fita, na sa mayafina na hau bis ta gaba zuwa Saint-Fons. Ban taɓa zuwa ba sai ranar. Bututu ko'ina, wari kamar na ƙonannen roba. Mai gadi ya tsare ni, na ce lokotoro nake nema, maganar rai ce. Aka kai ni wurin wata mata mai furfura. Faransancina ya watse, na haɗa da hannu, na rufe tsakiyar idona da yatsa na nuna mata. Ta gane. Ta ce in koma gida, ba za ta ce ni ce ba. Na ce a'a, in ya tambaya ta gaya masa ni ce, ban saba yin abu a ɓoye ba.

A ranar aka fitar da shi daga labo. Sauran kun gani da idonku, ko da ba ku san tushensa ba. Aka yi ta kai shi asibiti ana yi masa allura a ido, aka tsare abin da ya rage, wanda ya tafi kuwa ya tafi. Aka ba shi wani tebur yana amsa waya na 'yan watanni, daga baya aka sallame shi da ɗan abin da ake ba marasa lafiya. Ginin Hajiya Babba ya tsaya iyakar tagogi. Ni na nemi aiki a kicin ɗin wata lakkwal, ina wanke tukwanen da suka fi ni girma, in dawo in hau keke. Kwana arba'in da shida Malam bai yi mini magana ba in ban da amsa sallama. Na ƙirga su. Zai ci abincina, ya ce wa Bashir gaya wa uwarka an gode, alhali ina zaune a gabansa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na sha shiga banɗaki in buɗe famfo don kada ku ji ni. Ran na arba'in da bakwai zai tafi masallacin Juma'a, ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya miƙo hannu ba tare da ya juyo ba.

"Zo mu je, kar in makara."

Tun daga ranar ni ce a gaba. A Damagaram kuwa labari ya riga ya cika gari. Hajiya Rabi ta ce ta gani da idonta, Zuwaira tana jan Malam Isufu a titi kamar akuya. Da aka ji ya bar aiki, aka ji kuma ni na je wurin, sai aka haɗa biyu da biyu aka ce na mallake shi, na zaunar da shi don kuɗi su daina zuwa gida. Gwaggonku ta kira ni ta wanke ni tas. Kalma ɗaya ce za ta wanke ni, tana kan harshena, na haɗiye ta saboda alkawarin da na yi a jirgi. Ku ma mun hana ku faɗa a waya, kuna jin haushi ba ku san dalili ba. Shekara shida ina haɗiyewa, har Hajiya Babba ta koma ga Mahaliccinta tana ganin ɗanta lafiyayye ne, ni ce muguwa. Allah ya jiƙanta, ban riƙe ta da komai ba. Bayan rasuwarta Malam ya kira 'yan'uwansa ya gaya musu gaskiya, amma maganar da ta shekara shida a bakin mutane ba ta fita da waya ɗaya. Har yau akwai masu cewa ai ko ma mene ne, mace ba ta kai mijinta ƙara.

Abin da ba ku sani ba, mun koma mize. Bayan rasuwar Hajiya Babba da 'yan watanni ya ce in kai shi Paris, muka ce muku asibiti za mu. Wannan karon ni na ƙirga, bene, hagu, ɗaki huɗu, bangon dama. Tana nan, ta uku daga ƙofa. Hoton ɗan ƙarami ne, bai fi faifai ba. Na tsaya na ƙare mata kallo. Fara ce sol, hancinta kamar karas, ba ta da wuya ba ta da ƙira.

"Tana nan?" ya tambaya.

"Tana nan. Malam, tsakaninka da Allah, ina na yi kama da wannan?"

"Dubi bakinta."

Na matsa kusa har ma'aikacin wurin ya yi gyaran murya. Ta ɗan ciji leɓenta na ƙasa ta gefen hagu, tana auna ramin allura. Sai na ji haƙorina a kan nawa leɓen, a daidai wurin. Shekara da shekaru ina yin haka ban sani ba, shi kuwa ya gani tun ina 'yar shekara goma sha bakwai a zauren gidanmu. Muka tsaya hannuna cikin nasa, mutane suna ratsa mu suna wucewa. Can sai ya ce:

"Kifin fa? Ina suka kai shi?"

"Me za ka yi da kifi kuma?"

"Ki tambaya mini. Ina so in gaishe shi. Ya fi matar nan yi mini amfani."

Na tambaya, aka ce yana ɗaki na gaba. Na ja shi muka je. Babanku, da furfurarsa da babbar rigarsa, ya tsaya gaban mataccen kifi da albasa biyu, ya karkata kai ya dube shi ta gefen ido, ya ɗaga hannu ya ce masa sannu da aiki. Ya matse yatsuna sau ɗaya, muka juya.

Bai taɓa ce mini kin yi daidai ba, har ya bar duniya. Wannan gaisuwar da ya yi wa kifi ita ce duk abin da na samu, ta kuma ishe ni. Mutum uku ne suke shiga labon nan kowace safiya, su ukun duka sun tsufa a gidajensu. In kun sake zuwa Damagaram gwaggonku ta tayar da maganar, kada ku yi mata rashin kunya, babbarku ce. Ku ce mata e, uwarmu ta je, ta kuma ce ko yau aka mai da ita ranar Litinin ɗin nan, bis ɗin farko za ta hau.